Dillaliya ko Sufeto: Wa Za Ka Damƙa wa Binciken Kisa a Littafinka na Farko?

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, ɗiyar ƙanwata da ke aji uku a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta same ni gida a Mabera, riƙe da wani littafin rubutu mai kauri. Babi biyu ta rubuta a ciki, kuma kowanne babin farko ne na labari guda. An wayi gari a cikin tsohon garin Sakkwato, wajen Ƙofar Rini, an tarar da wani attajiri mai fataucin fata da ƙiraga kwance a turakarsa babu rai, an kuma danna wa ƙofa sakata ta ciki. A rubutun farko, Sufeton 'yan sanda ne ya ɗaga labulen turakar, kurata biyu na biye da shi. A na biyu kuwa wata dattijuwa ce, dillaliya, ta shigo gaisuwa ta zauna cikin mata tana jan carbi, idonta na kan kwanukan da aka tara a gindin rijiya.

"Kawu, wanne za ni bi? In na riƙe su duka biyu, ko ɗaya ba ni gamawa."

Na ce ta bar mini littafin zuwa mako. Amsar da na ba ta daga baya ita zan shimfiɗa a nan, don na san ba ita kaɗai ke tsaye a wannan mararrabar ba. Cikin matasanmu masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ina ganin waɗanda soyayya zalla ta fara isarsu, suna neman labarin da zai hana mai karatu barci yana tambayar wa ya aikata.

Hanyoyin nan biyu ba yau aka share su ba. Ta dattijuwar a Ingila ta yi ƙarfi, tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. A 1930 Agatha Christie ta fitar da The Murder at the Vicarage, na farko cikin littattafai goma sha biyu da ta gina a kan Miss Marple, wata tsohuwa da ba ta taɓa aure ba, mazauniyar wani ƙauye da marubuciyar ta ƙirƙira. Tsohuwar ba ta da bindiga ko albashi, ba kuma wanda ya ɗora mata aikin. Jarinta sanin halin mutane: duk wanda ta gani sai ya tuna mata da wani a ƙauyensu da ya taɓa yin irin abin da yake yi. Daga baya Turawa suka laƙaba wa irin wannan labari wani suna mai nufin ɗumi da natsuwa, kamar na wanda ya lulluɓa da bargo cikin hunturu. Ni binciken unguwa zan kira shi. Ba a nuna kisan ƙuru-ƙuru a cikinsa, ba a malala jini a shafi, babu batsa. Waɗanda ake zargi 'yan kaɗan ne kuma duk sun san juna, mai binciken ma tasu ce.

Ɗaya hanyar a Amurka ta yi rassa. Dashiell Hammett, wanda ya yi aikin bincike a kamfanin Pinkerton kafin ya kama alƙalami, ya fito da kisa bakin titi, cikin 'yan daba da maciya hanci. A 1944 Raymond Chandler ya rubuta wata maƙala yana sukar salon Ingila, a ganinsa wasa ƙwaƙwalwa ne kawai da bai yi kama da yadda ake kashe mutane a duniya ba. Zuwa shekarun 1950 sai labarin 'yan sanda ya tsayu da ƙafarsa, inda jarumin ma'aikaci ne mai kaki, da shugaba a samansa da fayil a gabansa. Wannan shi ne binciken hukuma.

Ba zan ɓoye inda na karkata ba. Ga wanda zai rubuta littafinsa na farko a Sakkwato, da Hausa, dillaliya na zaɓa. Amma tana da farashi, kuma akwai labaran da ba za ta iya ɗauka ba.

Dalilina na farko a jikina na ji shi. Shekarun baya na rubuta labarin ɗan sanda, na kai shafi tamanin da wani abu, na ba wani maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga aikin ya duba mini. Bayan kwana uku ya aiko yaro ya kira ni. Na tarar da shi kan tabarma a ƙofar gida, takardun a cinyarsa, gefensu ya cika da jan biro. Ya ce, "Malam, wanga Sufeto naka, a wace ƙasa yake aiki?" Ni kuwa na sa Sufeton ya kama mutum da safe, ya kai shi gaban alƙali da rana, an yanke hukunci kafin mako ya zagayo. Dattijon ya zaunar da ni ya warware mini zare da abawa. Maganar kisa ba ta zama a caji ofis na unguwa, DPO zai tura ta sashen binciken manyan laifuka na jiha, wato CID. Kotun majistare ba ta da hurumin sauraron laifin da hukuncinsa kisa ne, iyakarta ta sa a tsare wanda ake tuhuma. Fayil zai tafi ma'aikatar shari'a a jira shawarar lauyoyin gwamnati, sannan a gurfanar a Babbar Kotu, inda shari'a kan ɗauki shekaru. Ban san ko ɗaya daga ciki ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don wata shida na zuba a aikin, kuma ginshiƙin labarin ne ya karye, ba wurin da za a yi faci. Har yau takardun na cikin akwati.

Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 za su tuna littattafan James Hadley Chase da ake karɓa hannu da hannu har bango ya yage. Mutumin Ingila ne, amma yawancin labaransa a Amurka ya girke su, mu kuma da ke karantawa a nan ba mu da hanyar gane inda ya zame. Kai da za ka rubuta Sakkwato don Sakkwatawa ba ka da wannan rufin asirin. Mai yiwuwa mai karatunka yana da ɗan'uwa da ke jiran shari'a a gidan yari shekara ta uku ke nan, ya san hanyar ofisoshin nan fiye da kai. Abin da dillaliya ke buƙatar sani kuwa tun kana goye kake koyonsa: wa ke gaida wa, wa ba ya cin abincin wa, da abin da uwargida ke nufi idan ta ce "ai ba komai" tana kallon ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai maganar shiga gida, wadda a wurina ita ce ta raba gardamar. Gidajen cikin gari har yanzu akwai masu "Ba a shiga" rubuce a bangon zaure. Sufeto zai wuce da ikon doka, amma shigarsa rufe bakuna take yi. Mata za su ja mayafi su shige ɗaki, a turo masa babban ɗan gidan ya yi magana da yawun kowa, amsar kuma guda ce: kwana ne ya ƙare. Ba lallai don suna ɓoye laifi ba. Mutanenmu tsoron zama shaida suke, suna tsoron zaryar ofis, kuma abin kunya ne a ce an kai maganar gida wurin hukuma. Dillaliya sallama kawai za ta yi a shimfiɗa mata tabarma. Ita ta san wace ce ta ba ta 'yan kunnen zinari ta sayar a ɓoye watan jiya, wace ce ta nemi a ba ta kwasar adashi kafin lokacinta, wane ɗan gidan ne bashi ya yi wa katutu a Babbar Kasuwa. Dattijuwar da ke ratsa gidaje da amincewar kowa kuwa ba baƙuwa ba ce a tarihin garin nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da irin waɗannan matan ta kafa 'Yan Taru: jajojinta dattawan mata ne da ke kai karatu gida-gida, ƙauye-ƙauye. Mai karatun Sakkwato ba zai tsaya tambayar yadda aka yi tsohuwa ta samu wannan damar ba.

Ga abin da ya tsayar da ni a babin yarinyar. Dattijuwar na zaune cikin masu gaisuwa, sai wata yarinya ta fito da kwanon sha mai murfi daga turakar mamacin ta kai gindin rijiya. Kwano ne mai zanen ganye shuɗi. Dattijuwar ta san shi, domin ita ta sayo saitinsa ta kawo wa amarya lokacin da ake haɗa mata kayan ɗaki. To amma tun shigowarta ta ji ana cewa uwargida ce da girki jiya. Me ya kai furar amarya turaka a ranar girkin uwargida, a gidan da matan ba sa ko aron ludayin juna? Sufeto zai ga kwano ne kawai. Ko ya tura shi a gwada abin da ke ciki, ba zai san cewa zamansa a ɗakin shi ne abin tambaya ba. Na ce mata ta ƙara abu ɗaya: ta sa mutuwar ta faru a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40 kuma kowa ke kwana tsakar gida. Mutumin da ya kulle kansa a ɗaki da sakata a irin wannan daren, babu wuta babu fanka, akwai abin da yake tsoro. Ruwa ba ya tsami banza.

Ba dole sai dillaliya ba. Ungozoma ma na shiga ko'ina, haka mai kitso, wadda kai ke hannunta awa biyu baki kuma na zuba. In namiji kake so, ga wanzami, ga ladan da ke fita kafin asuba ya ga wanda ke dawowa gida a lokacin da bai kamata ba, ga mai shayin bakin titi. Wanda ya fi kowa ƙarfi, ya kuma fi kowa nauyi, shi ne mai wankan gawa. Shi kaɗai ke ganin jikin mamaci sosai, kuma tarbiyyar aikin ita ce ya rufe abin da ya gani. Ka ɗora masa tabo a wuyan gawa, ka bar shi da amanar aikinsa a hannu ɗaya da haƙƙin mamaci a ɗaya hannun, ka samu littafi tun kafin ka ƙirƙiri makashin.

Wannan ya kawo mu ga hujja. Labarin 'yan sanda na ƙasashen waje a kan gawa yake tsayuwa: likita ya bincika ta, a ɗauki shatin yatsu, a auna jini. A nan kuwa wanda ya rasu da asuba kafin azahar an kai shi makwancinsa, kuma iyalai kaɗan ne za su yarda a taɓa gawar ɗan'uwansu da wuƙa. Sufetonka zai iso ya tarar an share ɗakin, an wanke shimfiɗa, mutum ɗari sun taka wurin. In ka ba shi kayan aikin da muke gani a finafinan waje, mai karatu zai ce ƙarya ce. In ka hana shi, ya koma dogaro da tambayar mutane, wato aikin da dillaliya ta fi shi iyawa. Abin da ke saura bayan jana'iza shi ne abin da mutane suka gani da abin da suka faɗa, da inda maganar wani ta ci karo da ta wani.

Kuma irin wannan hujjar tana da asali a karatunmu. A Suratu Yusuf, wanda ya warware gardamar wani ne daga cikin dangin matar, ya ce a dubi rigar: in ta gaba ta yage matar ce mai gaskiya, in ta baya ce Yusuf ne. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta babin jini, inda aka yi bayanin ƙasama, rantsuwa hamsin da dangin mamaci ke yi idan akwai alama mai ƙarfi, kamar wanda aka raunata ya ce kafin ya cika, jinina yana wuyan wane. Ga kuma hukuncin cewa wanda ya kashe mutum da gangan ba ya gadonsa, alhali matan mamaci mai 'ya'ya kashi ɗaya cikin takwas za su raba tsakaninsu. Marubucin da ya san waɗannan ba ya buƙatar aron dalilin kisa daga ko'ina.

Marubutan Ingila kan sha wahala kafin su tsare waɗanda ake zargi a wuri ɗaya: su sa ƙanƙara ta toshe hanya, ko jirgi ya tsaya a daji. Mu al'ada ta gama mana wannan aikin. Matan mamaci na cikin takaba wata huɗu da kwana goma. Dangi na nesa sun zo zaman makoki. A gidajen da ke yin sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ga ranakun da kowa zai sake haɗuwa, sannan ga ranar rabon gado na tafe kamar hadari. Tsarin babi-babi ke nan a shirye.

Akwai ƙa'idar da ta hau kan hanyoyin biyu, amma ta fi matsa wa mai binciken unguwa. A 1929 wani limamin Katolika marubuci, Ronald Knox, ya jera dokoki goma na labarin bincike. Daga ciki akwai cewa dole makashin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kada mai bincike ya ɓoye wa mai karatu wata alama da ya gano, kuma kada a warware matsala da abin da ya shafi gaibu. Ta ƙarshen nan ita ce tarkonmu. Hannun marubucin Hausa na saurin kaiwa ga boka, ko mafarki, ko mai aljanu ta faɗi ta ambaci suna. Mutanen cikin labarinka suna iya yarda da sammu, suna iya zuwa wurin malamin duba, domin haka wasu ke yi. Amma amsar ƙarshe ta fito daga kwano da sakata. In ta fito daga bakin aljani, ka ci amanar wanda ya bi ka shafi ɗari biyu yana lissafi.

Yanzu ga farashin dillaliya, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Sufeto ba ya buƙatar dalilin yin bincike, aikinsa ne. Ita kuwa wa ya aike ta? Mun tashi muna jin zato zunubi ko da ya zama gaskiya, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane da cin naman juna. Tsohuwar Ingila na iya leƙe don sha'awa kawai, masu karatunta su so ta a haka. In taka ta yi haka, mai karatu zai kira ta da sunan da ya dace da ita, magulmaciya, ya daina ganin girmanta. Dole ka ba ta dalilin da zai tsaya a gaban malami. Mafi ƙarfi shi ne an ɗora laifin a kan wanda ba shi da kowa: yaron gida, almajirin da ke ɗebo ruwa, ko amarya baƙuwa da aka auro daga ƙauye. A nan shirunta ya zama zalunci, tunda Alƙur'ani ya hana ɓoye shaida, kuma a cikin Hujurat ɗin dai, aya ta 6, aka yi umarni da a tantance labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci. Ka sa ta ji nauyin abin. Ka nuna ta tana komawa gida da dare tana istigfari a kan tambayar da ta yi wa marainiya. Ka kuma hana ta furta suna kafin ta tabbatar, domin mun san abin da taron jama'a ke iya yi wa mutum a kan kalma ɗaya kafin hukuma ta iso. Littafin da ya koya wa matasa cewa nuna yatsa jarumta ce, gara ba a rubuta shi ba.

Farashi na biyu shi ne ƙarshen labari. Ba ta da ankwa. Bayan ta gano gaskiya, wa za ta kai wa? Na ga wannan ya fi zama dama a kan matsala, don hanyoyin suna da yawa kuma kowace da ɗacinta: mai unguwa, limamin masallacin da mamacin ke salla, babban wan mamacin da zai fi son a binne maganar don sunan gida, ko wani ɗan sanda ɗan ƙawarta da take kira "ɗana" tana ba shi labari a kaikaice. A shari'ar Musulunci magada na da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafiya, don haka ranar da aka san makashi ita ce ranar da sabuwar rigima ke farawa a gidan. Sufeto a nan hanyarsa a miƙe take, ya kama ya miƙa, sai dai in kana son gaskiya dole ka bar mai karatu a ƙofar kotu ba tare da hukunci ba.

To ina Sufeto ya fi? Wuri na farko shi ne in kana son jerin littattafai. Shi kullum sabon fayil na jiransa a tebur. Dillaliya kuwa in aka yi kisa na uku a gidajen da take shiga, mai karatu zai fara zarginta ita kanta. Alexander McCall Smith, wanda ya fara jerin labaransa na wata mai bincike a Botswana a 1998, ya kauce wa wannan ta hanyar ba ta ƙananan matsaloli, ɓatan mutum da zamba da rikicin aure, ba kisa kullum ba. Ana iya bin wannan.

Wuri na biyu ya fi girma. Binciken unguwa yana tsayuwa ne a kan cewa gari na zaune lafiya, mutuwa ɗaya ta girgiza shi, a gano mai laifi, lafiya ta dawo. Akwai kashe-kashen da ba su shiga wannan ma'aunin. Abin da 'yan bindiga suka yi wa mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo a shekarun nan ba wasa ƙwaƙwalwa ba ne, kuma waɗanda suka tsero suna nan cikinmu a garin nan, wasu a kangaye suke kwana. In abin da ke cin zuciyarka ke nan, in kana son ka tambayi ta ina makamai ke shigowa, wa ke kai wa daji labari, ina kuɗin fansa ke tafiya, kada ka ba dattijuwa mai carbi wannan kayan. Yana buƙatar jami'i, ko ɗan jarida, ko lauya, wanda zai iya bin zaren daga ƙauye zuwa ofis, kuma yana buƙatar harshe mai kaushi da ba ya rufe jini. Sai dai ka shirya wa aikin: ka zauna a kotu ka saurari shari'a, ka nemi tsofaffin ma'aikata ka sha shayi da su, ka koyi bambancin kofur da saje da abin da kowanne ke iya sa wa hannu. Wanda mahaifinsa ko yayansa ɗan sanda ne, wanda ya tashi a bariki, shi wannan hanyar gida ce a wurinsa, kuma zan ce masa ya bi ta ba tare da waiwaye ba.

Ko a binciken unguwar ma, ina roƙon abu ɗaya. Kada sanyin salon ya sa ka mayar da mamaci abin wasa. A littattafan waje akan kashe mutumin da ba wanda ke so, don kada baƙin ciki ya ɓata nishaɗi. Mu ba mu san irin wannan mutuwar ba. Ko azzalumi ne ya mutu, akwai 'yar ƙaramar 'yarsa da ke zaune bakin ƙofar turaka tana jiran a buɗe. Ka bar ta a wurin. Raha na iya shigowa ta bakin tsofaffi da shirmen jikoki, kamar yadda take shigowa a kowane zaman makoki bayan kwana na uku, amma a kan masu rai.

Da yarinyar ta dawo karɓar littafinta, na faɗa mata duk wannan, na ƙara da tambaya ɗaya: a cikin mutanen nan biyu, wa kike jin muryarsa in kin rufe ido? Ta yi shiru, sannan ta ce tsohuwar tana magana ne da muryar wata dattijuwa da ke kawo wa mahaifiyarta atamfa bashi tun tana firamare, har yadda take cewa "ɗiyata, miƙo min ruwa" kafin ta kwance ƙulli. Sufeton kuwa daga fim ta ɗauko shi.

Ba ta jefar da shi ba. Ta rage masa girma zuwa saje, ta mayar da shi ɗan ƙanen dattijuwar, mai zuwa cin tuwo gidanta ranar Alhamis yana ƙorafin an rufe fayil tun kafin a buɗe. Makon jiya ta kira ni da dare, ta kai babi na bakwai, ta ce ta maƙale: ta san wanda ya kai furar, ta san dalili, amma har yanzu ba ta gano yadda aka danna sakata ta ciki ba. Na ce gobe ta je gidan kakarta a cikin gari, ta tsuguna ta dubi tsohuwar ƙofar turakar marigayi kakanta da kyau, musamman ratar da ke tsakanin ƙyaure da dokin ƙofa.